Ɗigon da Farfesa Ya Raɗa wa Suna

Farfesa Rwegasira yana da furotin nasa na kansa. Wasu gonar ayaba suke da ita a Bukoba, wasu shaguna a Kariakoo, shi kuwa furotin gare shi, kuma ya raɗa masa suna RWG-1. In aka tambaye shi ma'anar haruffan sai ya lumshe ido ya karanto wani dogon Turanci, wai shi aka taƙaita. Ko mai gadin ƙofar jami'a ya san sunan wa aka gutsuro. A bayan idonsa Nshomile ake ce masa, wato "na yi karatu" da yarensu, don ko ƙarfe nawa ka tambaye shi sai ya bi da kai ta shekaru shidan da ya yi a Turai kafin ya duba agogo. Ya sha faɗa a wurin shan shayi cewa shi bai taɓa cin wani maki ban da A ba, har jininsa ma da aka gwada A ya fito. Kowace shekara sai ya maimaita wa sababbin ɗalibai, kowace shekara kuma sai sun yi dariyar dole.

Wadda ta fara ganin furotin ɗin da idonta kuwa Aikande Lyimo ce, wadda kowa a sashen yake kira Mama Elia. Shekararta ashirin da shida a ɗakin gwaji na ƙasa, wanda fankarsa take juyawa in ta ga dama. A kawo mata ɗan nama daga ɗakin tiyata, ta daskarar da shi cikin kaki, ta yanka shi a inji har ya fi ɓawon albasa sirantaka, ta shimfiɗa a kan gilashi, ta rina, ta miƙa wa masu digiri su leƙa a madubin ƙara girman abu su yi suna. Maƙalun da aka buga da aikin hannunta sun haura arba'in. A ƙasan kowacce, can bayan an gode wa masu ba da tallafi, akwai layi ɗaya da ke gode wa "ma'aikatan ɗakin gwaji". Ita ce ma'aikatan.

A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wani ɗan sashe da ake kira Golgi, jakunkuna ne shafaffu a jere kamar gurasar capati a faranti. Nan ƙwaya take ƙarasa kayanta, ta manna musu sukari, ta ɗaure ta aika inda za su. Masu yin wannan aiki furotin ne da ke manne a tantanin jakunkunan, ɗaruruwa, kowane da sana'arsa, duniya kuma cike take da masu farautar wanda ba a riga an sa wa suna ba. Shekara uku da suka wuce wani tsohon abokin Farfesa ya aiko masa da 'yar kwalba daga Turai, ruwa ne da aka tatsa daga cikin ɓeraye, wai furotin ɗaya tak yake kamawa ya rina shi. Aikande ta ɗiga shi a kan ɗan yankin bangon mahaifar wata mata, ta leƙa, sai ga ɗigo ruwan goro zaune a saman kowace ƙwaya, daidai mazaunin Golgi, tsaf kamar hula. Ta kira Mwalimu Gwamaka, malamin da yake digirinsa na uku a hannun Farfesa. Gwamaka ya kira Farfesa. Farfesa ya sauko, ya cire tabarau, ya leƙa na ɗan lokaci, ya ɗago ya ce, "Na gano shi."

Abin da ya gano, in ji shi, shi ne dalilin ɓari. Matar da aka rina namanta ta yi ɓari uku, saboda haka duk macen da Golgin mahaifarta ke ɗauke da wannan furotin ciki ba zai zauna mata ba. Aka shiga tara samfuri. In ɗigon ya fito a mai ɓari, Farfesa ya ce kimiyya ba ta ƙarya. In ya fito a mai 'ya'ya biyar lafiyayyu, ko ya ƙi fitowa a mai ɓari, sai ya ɗaga gilashin sama ya karkata kai.

"Mama Elia, yau hannunki ya yi nauyi. Wannan rinin bai yi ba."

Irin waɗannan gilasai a aljihun teburi na ƙasa ake zuba su. Mutanen ɗakin gwaji suna kiran aljihun maƙabarta, kuma kafin shekara biyu sai an danna yake rufuwa. Aikande ta san hannunta bai yi nauyi ba. Amma ita diploma gare ta, shi kuwa shekara shida a Turai, sai ta ci gaba da zuba su a aljihun.

Da maƙalar ta kammala, mujallar da za ta buga ta ce ƙa'idarta duk wanda ya yi aikin da hannunsa sai an sa sunansa. Farfesa ya yi ta juya ƙa'idar yana neman ƙofar fita bai samu ba, sai ya mai da abin kyauta. Ya tara mutane a ɗakin shayi, ya ce shi mutum ne mai ɗaukaka na ƙasa, tun yana Turai haka yake. Aka buga. Sunaye biyar, na huɗu A. Lyimo.

Kada a raina harafi ɗaya da ɗigo. Aikande ta yi murna, murna irin ta yarinyar da aka ɗinka wa kayan Kirsimeti. Saura mata wata goma sha huɗu ta yi ritaya, ta riga ta haƙura cewa za ta fita daga ginin nan kamar ba ta taɓa shigarsa ba, sai ga sunanta a inda ba a gogewa. Ta aika wa ɗanta Elia a Arusha. Ta kai shafin farko taron matan coci, aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu ba wadda ta fahimci kalma ɗaya, suka yi guɗa, suka dafa mata shinkafar pilau. Mama Tatu mai dafa shayin sashen ta ƙara mata fanken mandazi biyu ba ta tambaya ba.

"Yau kin zama Farfesa ke ma," in ji Mama Tatu. "Sai ki fara manta sunayenmu."

"Sai na fara da naki, mai shayin ruwa-ruwa."

"Ji ta! Tun ba a je ko'ina ba."

Wata biyu aka yi ana wannan daɗi. Farfesa ya shiga rediyo sau biyu. Daga nan ya shawo kan likitocin mata na asibitin koyarwa su riƙa aiko masa da samfurin duk wadda ta yi ɓari, a rina a gaya mata matsayinta. Da aka tambaye shi me za a yi wa wadda aka samu da ɗigon, ya ce magani yana gaba, a yanzu dai a gaya mata gaskiya ta daina wahalar da kanta.

Samfurin farko ya zo ranar Litinin. Sikujua Mbonde, shekara ashirin da bakwai, ɓari biyu. Aikande ta yanka, ta rina, ta leƙa. Ga ɗigon nan reras. Ta jawo takardar da ta rako samfurin za ta rubuta "akwai", sai idonta ya faɗa kan kusurwar sama, inda ma'aikaciyar jinya take rubuta rukunin jini da jan biro kafin a shiga da mace tiyata. An rubuta A.

Ba wani abu ba ne. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a garin nan A ne. Sai dai Aikande ta yi shekara biyu a ma'ajiyar jini kafin a dawo da ita nan, kuma akwai abin da aka koya mata a can wanda bai bar kanta ba: abin da ya raba jinin A da na O ɗan sukari ne guda, kuma a Golgi ake manna shi. Ba a jini kaɗai yake ba, yana cikin majina, yana cikin hanji, yana cikin mahaifa. Ta ajiye biron.

Waɗannan takardu ba mai karanta su. Gwamaka lamba yake kwafa da yawan ɓari, Farfesa kuwa bai taɓa riƙe ɗaya ba, don takardar tiyata takan zo da ɗan tabo. Ita ce take huda su ta jera a fayil tun farkon aikin. Ta sauko da fayil ɗin, ta buɗe maƙabarta, ta baje komai a kan teburi, gilashi kusa da takardarsa. Kafin a kira sallar azahar a masallacin bayan katanga ta gama. Duk mai ɗigo A ce ko AB. Duk marar ɗigo O ce ko B. Mai ɓari da mai 'ya'ya tara, ɗigon bai san bambancinsu ba. Shekara uku kallon kitse ake yi wa rogo.

Ta zauna a kan kujerarta mai ƙafa uku da rabi. Abin da ta fara ji ba tausayin Sikujua ba ne, gara a faɗi gaskiya. Sunanta ta tuna. In wannan maƙala ta faɗi, A. Lyimo ta faɗi tare da ita, kuma ba za a sake wata ba a cikin wata goma sha biyun da suka rage mata. Ta tattara gilasan ta mayar aljihu, ta danna da gwiwa ya rufu.

Ranar Talata ba ta ce wa kowa komai ba. Ta gaya wa kanta wataƙila dace ne. Don ta kashe maganar, ta shiga ɗakin ajiya ta zaɓo dunƙulen kaki biyu, afendis, wato 'yar wutsiyar hanji, na maza biyu da aka cire a watan Maris, ɗaya A ɗaya O. Ta yanka ta rina da ruwan Farfesa. Ta kuma karɓo jajayen ƙwayoyin jinin A daga tsofaffin abokan aikinta na ma'ajiyar jini, ta gauraya da ɗan ruwan, ta bari suka tsotse abin da za su tsotsa, ta tace, ta rina naman Sikujua da abin da ya rage. Ranar Laraba da hantsi ta leƙa. Mai O fes. Mai A, wani direban daladala, bas ɗin haya, ɗan shekara arba'in da huɗu, hanjinsa cike da furotin mai hana ciki zama. Naman Sikujua kuwa, da aka rina da ruwan da jinin A ya tsotse, ko ɗigo ɗaya babu. Ɓerayen Turai ne suka zo da abin da ke kama sukarin A, shi ke nan duk labarin.

Ta kira Gwamaka. Ya leƙa gilasan ɗaya bayan ɗaya, ya sake leƙawa, ya zauna a kan teburi.

"Mama Elia, wa kika nuna wa?"

"Kai kaɗai."

"To, don Allah ya tsaya a ni kaɗai. Wata huɗu ya rage in kare digirina. Shekara biyar ina bin mutumin nan da jaka, na wanke masa mota, na kai matarsa filin jirgi. Ki bari in fita, sannan ki ƙona ginin in kina so."

"Matar nan fa?"

"Wace mata?"

"Mai naman, Mwalimu. Ba daga bishiya aka tsinko shi ba."

Ya shafa kai. "Ki rubuta rinin bai yi ba. Ai kin saba. Aljihun nan bai cika ba tukuna."

"Ya cika. Kuma mako mai zuwa wasu shida za su zo."

"Ke ma fa sunanki yana kai. Kin manta? Ni in na faɗi ina da shekaru a gaba. Ke fa?"

Wannan ta shige ta, don ita ce maganar da take gaya wa kanta tun Litinin. Ta tsani Gwamaka a lokacin, ba don ya yi ƙarya ba. Ta ɗauki gilashin direban, ta riƙe shi a bakin aljihun ƙasa ta daɗe, sannan ta sa shi a aljihun rigarta ta tafi shan shayi, shayin bai shiga ba.

Ranar Alhamis da safe wayar ɗakin gwaji ta yi ƙara. Ma'aikaciyar jinya ce daga asibitin mata.

"'Yar'uwa, sakamakon Mbonde fa? Gobe za su zo. Mijin ya kira ni sau uku, wai ya ji Farfesanku a rediyo, yana so ya san ko zai ci gaba da sa rai ko a'a. Ita kuwa ko abinci ba ta ci."

"Zan aiko," in ji Aikande.

Ta ajiye wayar, ta wanke hannu duk da ba abin da ta taɓa, ta jera gilasai uku a tire, ta hau bene.

Ofishin Farfesa shi kaɗai ne mai na'urar sanyaya ɗaki a hawan, kuma yakan ƙure ta har sai ya sa kwat. A bango hotonsa ne da rigar digiri, da hotonsa yana gaisawa da wani Bature, da hoton ɗigon, an ƙara masa girma ya kai faifai. A gefe ga madubinsa na kansa, mafi kyau a duk sashen, an lulluɓe shi da leda don kada ƙura ta taɓa shi, ko ido.

"Shikamoo, Farfesa," ta yi masa gaisuwar babba.

"Marahaba, Mama Elia, marahaba. Abokiyar rubutuna! Me kika kawo mana?"

"Wani samfuri ne nake so ka gani da idonka."

Ya ji daɗi. Ya yaye ledar, ya ɗora gilashin farko, ya murɗa, ya yi wani ɗan nishi na gamsuwa.

"Kai! Kin ga aiki? Wannan ya fi na cikin maƙalar kyau. Dubi yadda ya zauna a kan Golgi, kamar an zana. Baiwar Allah, wannan ko shekara ashirin za ta yi ba za ta riƙe ciki ba. Ɓari nawa ta yi?"

"Ko ɗaya."

"To tana hanya. Shekarunta nawa?"

"Arba'in da huɗu. Direban daladala ne, Farfesa, layin Mbagala. Afendis ɗinsa ne."

Na'urar sanyi ta ci gaba da gurnaninta. Farfesa bai ɗago ba, ya ci gaba da leƙe, yana murɗa abin murɗawa gaba da baya kamar mahaifa za ta fito in ya dage. Mutumin da ya yi shekara talatin yana koyar da bambancin hanji da mahaifa, ɗigonsa kawai ya gani. Aikande ta yi masa bayani a tsaye, a hankali, fayil da jan biro da ƙwayoyin jini, ta miƙa masa sauran gilasan biyu. Ya duba su a gurguje ya ture tiren.

"Wa ya ba ki izinin taɓa ruwana?"

"Shekara uku ni nake taɓa shi."

"Don aikin da na sa ki! Ba don ki zauna kina wasan 'yar tsana da hanjin direbobi ba. Kin san nawa ya rage a kwalbar nan? Mama Elia, akwai abin da ake kira fassarar sakamako, kuma ba a koyar da shi a diploma. Lokacin da nake Turai..."

"Farfesa, ko hanjinka aka rina sai ya fito. Ba kai ma A ba ne?"

Ba ta yi niyyar faɗa ba, fita ta yi. Fuskarsa ta kumbura. Ya tashi ya je taga, ya tsaya yana kallon motarsa a inuwar mangwaro, ya daɗe. Da ya juyo muryarsa ta sauka, ta yi laushi, wannan kuwa ya fi tsawar ban tsoro.

"Zauna, 'yar'uwa. Mu manya ne. Kin san sunanki yana kan takardar nan."

"Na sani."

"Ni na sa shi. Ba wanda ya taɓa yi miki haka. In ta faɗi, ni ina da wasu sittin. Ke ita ke nan gare ki. Ki bar min gilasan nan, mu sake nazari a natse, shekara ɗaya, biyu. Kimiyya ba ta son gaggawa. Kafin nan kin yi ritayarki da mutuncinki."

"Gobe Sikujua Mbonde za ta zo karɓar sakamako."

"Wace ce kuma haka?"

"Ba zan rubuta mata 'akwai' ba. Kuma zan gaya wa likitanta dalili, don kada ya aiko da wasu. Na ga ya kamata ka fara ji daga bakina, shi ya sa na hawo."

Ta ɗauki tirenta. Tun kafin ta kai ƙasan matakala ta fara kewar sunan, kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ta rubuta wa likitan da hannunta cewa gwajin rukunin jini kawai yake nunawa, bai san komai game da ciki ba, ta sa hannu, ta kai da kanta.

Mako uku Farfesa bai sauko ƙasa ba. Gwamaka ya daina gaishe ta, in sun haɗu a baranda sai wayarsa ta zama abin kallo. Aikande ta ɗauka an gama, za a janye maƙalar, sunaye biyar su nutse tare, ta kuma fara saba wa zuciyarta da hakan. Ba ta san mutumin da take aiki da shi ba, duk da shekarun nan.

A taron sashen na ƙarshen wata shugaban tsangaya da kansa ya zo. Farfesa ya miƙe da baƙin kwat, ya yi gyaran murya, ya ce yana da magana mai nauyi. Ya ce a 'yan makonnin nan wani shakku ya hana shi sukuni, irin shakkun da ba ya barin masanin gaskiya, sai ya koma kan samfuran da kansa, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ya lura da wani abu da ya kuɓuce wa kowa, wato rukunin jini. Ya ba da labarin afendis ɗin direba, aka yi dariya, shi ma ya yi murmushin tawali'u. Ya ce da wani ne da ya binne maganar, amma shi an koya masa a Turai cewa gaskiya ta fi suna, don haka ya rubuta wa mujallar da hannunsa. Shugaban tsangaya ya tashi ya rungume shi, ya ce ɗalibai su buɗe ido su ga yadda ake zama masani. Aka tafa. Gwamaka ya fi kowa tafi, don an riga an canja masa maudu'in digiri: yanzu a kan yadda ruwan ɓeraye ke yaudarar masu bincike zai rubuta, gilasai kuma ga su nan a shirye, uku a tire, sauran a maƙabarta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Aikande tana kujerar baya kusa da ƙofa, ba wanda ya waiwayo. Ta yi zaton iyakar abin ke nan, har ta ji wani sauƙi-sauƙi.

Bayan kwana tara sanarwar mujallar ta fito. Sakatariyar sashen ta buga ta, ta manna a allon sanarwa na bakin ɗakin shayi, bisa umarnin Farfesa, don ta zama darasi. Gajera ce. Ta ce an janye maƙalar bisa buƙatar Farfesa Rwegasira, wanda ya gano matsalar da kansa, mujallar kuma tana yaba masa. Ta ce sauran marubutan sun dogara ne da gilasan da aka miƙa musu. Sai layin ƙarshe: kuskuren ya samo asali ne daga aikin rini da rashin yin gwajin tabbatarwa a kan lokaci, aikin da yake hannun Aikande Eliamani Lyimo ita kaɗai.

Ta karanta a tsaye, jakarta a kafaɗa. Ba harafi da ɗigo ba wannan karon. Sun nemo har sunan mahaifinta, sun rubuta shi daidai, ba kuskure ko ɗaya. Maƙalar mutum nawa suka karanta ta a duniya, wataƙila ɗari. Irin wannan sanarwa kuwa ba ta tsufa, duk wanda ya nemi sunan nan daga yau ita zai fara gani, har jikokinta. Ta ɗaga hannu za ta yage takardar, ta tuna ba a allon kaɗai take ba, ta sauke hannun.

Mama Tatu ta fito da butar shayi, ta gan ta, ta ajiye butar a ƙasa ta tafa hannu.

"Ga ta nan! Tun safe nake nemanki. Sakatariya ta ce an sake buga ki a Turai. Na ce ta nuna min, ta nuna min da yatsa. Ni ban iya Turanci ba amma na iya sunanki. Wancan karon a tsakiyar mutane suka cusa ki kamar fasinjan daladala, yanzu kuwa dubi, cikakke, har da na Baba. Ke kaɗai ko?"

Aikande ta dubi layin, ta dubi fuskar Mama Tatu da ke ta walƙiya don murna.

"Ni kaɗai," ta ce.